Yadda Ake Tafiyar da Aikin Koyar da Turanci na Sa-kai a Ƙasar Sin

Matakin farko shi ne ka kammala da takardu kafin ka taka ƙofar aji. Bizar yawon buɗe ido ba ta ba ka izinin koyarwa, don haka makarantar da ta gayyace ka ita ce za ta taimaka maka wajen samun wadda ta dace. Idan ba a otal ka sauka ba, doka ta wajabta ka yi rajistar masaukinka wurin 'yan sanda cikin sa'o'i 24. Ka kuma buɗe WeChat a wayarka, domin da shi ake sanar da sauyin jadawali, da shi ake biyan kuɗin shayi, ga shi kuma WhatsApp da Facebook a toshe suke a can.

Na biyu, ka fahimci tsarin ranar. Shekarar karatu tana farawa ne a farkon Satumba, darasi ɗaya kuwa minti 40 ne zuwa 45. Bayan abincin rana ɗalibai sukan ɗan runtsa, wasu a kan teburinsu, kuma ina ba ka shawarar kai ma ka kwanta, domin a makarantun kwana karatu yakan kai dare.

Mataki na uku shi ne ainihin aikin, wato sa su buɗe baki. Za ka tsaya gaban yara kusan hamsin, ka yi tambaya, a yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Kada ka ɗauka ba su sani ba ne. Tun aji uku na firamare yawancinsu suke karanta Turanci, kuma saboda jarrabawar gaokao da ake yi kowane Yuni domin shiga jami'a, nahawu ya zauna musu sosai. Abin da ke riƙe harshensu tsoron jin kunya ne a gaban sa'o'insu, abin da suke kira zubewar mianzi, wato mutunci. Saboda haka ka raba su biyu-biyu, ka ba su minti uku su tattauna tsakaninsu, sannan ka kira mutum da sunansa. Idan ya yi kuskure, kada ka yanke masa magana. Ka tara kurakuran, ka rubuta su a allo daga baya ba tare da ambaton mai su ba.

Kurakuran ma sanannu ne. A harshensu "shi" da "ita" furucinsu ɗaya ne, wato "ta", shi ya sa za ka ji yaro ya kira mahaifiyarsa da lamirin namiji. Aikatau ɗinsu kuma ba ya sauya siffa don nuna lokaci. Kai ma ka bari su koya maka nasu: Bahaushen da ya saba da karin sauti ba zai sha wahalar jin karin Mandarin (wato Sinanci) guda huɗu ba, kuma dariyar da za su yi wa furucinka takan saki jikinsu fiye da kowace dabara.

Na huɗu, abinci da ibada. Ka nemi shagon da aka rubuta wa qingzhen, ma'ana halal. Shagunan taliyar naman sa irin ta birnin Lanzhou suna nan a kusan kowane birni, da yawansu na Musulmi 'yan ƙabilar Hui ne. Juma'a ranar aiki ce, sai ka nemi a sassauta maka jadawali tun farkon zango. Wa'azi ga ɗalibai kuwa doka ta hana, ka kiyaye.

Da yamma za a gayyace ka zaman hira da Turanci a wajen aji, inda wanda bai ce uffan ba da safe zai tsare ka da tambayoyi. Ka je da hotunan gida da na kasuwa, su ne ke jawo zance. In an tashi, ka kira iyali, domin ƙarfe tara na dare a Beijing ƙarfe biyu ne na rana a Kano.