Yadda Ake Tsare Gida Daga Ɓarayi

Kafin ka sayi komai, fita da dare ka zagaya gidanka kamar kai ne ɓarawon. Ina za ka taka ka hau katanga? Tulin bulon da ya rage tun lokacin gini, reshen darbejiyar da ya leƙo tsakar gida, tsanin da aka jingine a lungu, duk matakala ce ka ajiye masa. Fara kawar da su, ko kwabo ba za ka kashe ba.

Daga nan sai ƙofa, kuma nan aikin yake. Mutane kan sayi ƙaton kwaɗo su manta da mariƙin da aka rataya shi. In mariƙin siriri ne, ba ruwan ɓarawo da kwaɗon, ƙarfe zai zura ya ɓanɓare. Kira mai walda ya yi wa kwaɗon murfin ƙarfe yadda almakashin yanka rodi ba zai kai gare shi ba, ya ƙara sakata biyu ta ciki, sama da ƙasa. Kar a manta da ƙofar baya, ita aka fi yi wa sakaci. In gidan haya ka tare, canja makullai a ranar. Ba ka san hannu nawa tsofaffin suka bi ba.

A sa wa tagogi ƙarfe, amma a bar ɗaya mai buɗuwa ta ciki, makullinta a kusa, saboda gobara.

Sai haske. Fitilar sola mai kunna kanta in ta ji motsi ta fi ƙwan lantarki, tunda ɗauke wuta ba ya kashe ta. Kafa ta a bayan gida, musamman don damina, lokacin da ƙarar ruwa a kan kwano ke rufe kowane motsi.

Abin da ƙarfe ba ya tarewa shi ne baki, don da ɗan gari akan ci gari. Kar ka sanar a Facebook cewa kun tafi ƙauye yin Sallah, hotunan su jira ka dawo. Ja wa yara kunne su daina faɗa wa baƙo cewa Baba ba ya nan. Maƙwabci ɗaya amintacce za ka gaya wa, ya riƙa leƙawa.

Ajiye lambar maƙwabcin da ta 'yan sintirin unguwa a wayar kowa a gidan, tare da 112, lambar gaggawa a Najeriya. In ka ji motsi cikin dare, kar ka fita neman jarumta. Kulle kanka da iyali a ɗaki ɗaya, ka kira su.