Yadda ake zana taswirar ƙasar almara don wasan tebur

A wasanni irin su Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, mutum ɗaya ne ke jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, ana jefa ɗan lido don a ga ko abin da jarumin ya nufa ya yiwu. Ba a daɗewa wani zai tambaya: "In mun bi gabas, me za mu tarar?" Don amsa wannan tambaya ake zana taswira, ba don ado ba.

Tanadi farar takarda, fensir, abin gogewa da baƙin biro. Akwai manhajoji kamar Inkarnate da Wonderdraft, amma ni dai na fi son mai koyo ya fara da hannu.

Kada ka ce sai ka zana duniya sukutum. Yanki ɗaya ya isa: gari, ƙauyuka biyu, daji da tsauni. In siffar ƙasar ta ƙi zuwa maka, watsa shinkafa cikin tafin hannu a kan takardar, ka bi gefenta da fensir. Ga gaɓar teku ta fito da lunguna, ƙwayoyin da suka yi nesa kuma sun zama tsibirai.

Sai tsaunuka, a jere kamar ƙashin baya, ba a warwatse ba. Daga su ruwa ke gangarowa, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin kuskure. Kogi ba ya hawa tudu, ba ya kuma ratsa ƙasa daga wannan teku zuwa wancan. Koguna haɗuwa suke yi, kamar yadda Binuwai ke shiga Neja a Lokoja. Rabuwa galibi sai an kusa teku, inda ƙasa ta yi shimfiɗe. Ka kuma zaɓi ɓangaren da iskar damina ke busowa. Gefen tsaunin da ke fuskantarta zai sha ruwa ya yi kurmi, bayansa ya bushe, can za ka sa hamadarka.

Yanzu mutane. Kowane gari da dalilin kafuwarsa: mashigin kogi, mahaɗar hanyoyin fatake, ma'adinin gishiri, ko dutsen da ake fakewa lokacin yaƙi. Da ka san dalilin, ka san abin da za a yi rigima a kansa, labari ya samu ke nan.

Nisa kuma a auna shi da zango. A bugu na 5 na wasan Dungeons & Dragons, tafiyar yini a ƙasa mil 24 ce, don haka masu zane da yawa ke shimfiɗa gidaje masu kusurwa shida a kan taswira, kowane gida mil 6. Gida huɗu, yini guda.

In komai ya zauna, bi da biro, ka goge fensir, ka rubuta sunaye masu daɗin faɗa. Bar wurare fili da gangan, ko ka sa kufai ɗaya ba tare da bayani ba. 'Yan wasa za su yi ta hasashe a kansa, kai kuwa ka saurara, ka ɗauki wanda ya fi daɗi. Kwafin da za ka ba su, shafa masa ruwan shayi ka shanya, zai fito kamar tsohuwar takardar da aka tsinta a akwatin wani bafatake.