Yadda za ka gano lambobin da suke raba wata lamba

Masu taya yara aikin gida a Agege da Idi-Araba, ga hanya mai sauƙi. Lamba irin 84 tana rabuwa da wasu lambobin bayan 1 da ita kanta, ba kamar 7 ko 13 ba.

Da farko rubuta 1 da 84. Sai ka duba ƙarshenta, in 0, 2, 4, 6 ko 8 ne to 2 na shiga, ka samu 2 da 42, don 2 sau 42 shi ne 84. Don gwada 3 kuma haɗa 8 da 4, ya ba ka 12, tunda 3 na raba 12 to tana raba 84 ma, 3 da 28 kenan. Haka za kai ta gwadawa, 4 da 21, 5 ba ta shiga don ƙarshen ba 0 ko 5 ba ne, 6 da 14, 7 da 12.

8 da 9 ba sa shiga. Kana gwada 9 ka tsaya, ai 10 sau 10 ya wuce 84, don haka duk lambar da ta fi 9 mai raba 84 ta riga ta fito tare da ƙaramarta.

Amma fa a kula da 91, yara na ɗauka ba ta rabuwa, alhali 7 sau 13 ce.