Darasi na 9: Lissafin Guzuri Ga Mai Doguwar Tafiya Ƙasar Waje

Wanda zai saɓa jaka a baya ya bar Zariya wata biyu ko uku, ko neman ilimi ne zai kai shi, ko ganin duniya, ko leƙa kasuwannin Kwatano da Lome da Kumasi, abu na farko da zai zauna ya lissafa shi ne kuɗin da ke hannunsa kwana nawa za su kai shi. Kamar dai yadda uwargida ke auna hatsin rumbu da mudu don ya kai su kaka. Jimlar kuɗi tana ruɗin ido Malam, kana ganin damin takardu a aljihu sai ka ɗauka ba za su ƙare ba, amma da ka raba su da kwanaki sai gaskiya ta fito.

To ka kasa kuɗinka kashi uku tun kana gida.

Kashin farko na abin da za ka biya kafin ka tsallaka iyaka ne: fasfo, katin allurar shawara wanda ake tambaya a bakin boda, jaka mai ƙwari, takalmin da ba zai ci maka ƙafa ba, gidan sauro, da kuɗin mota daga Kwangila zuwa Legas har Seme a bakin iyakar Benin, ko kuwa ta Funtuwa da Katsina zuwa Jibiya in Maraɗi ka nufa. Ɗan Najeriya mai fasfo yana shiga ƙasashen ECOWAS irin su Benin da Togo da Ghana ba biza har kwana 90. Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka ka je tasha ka tambayi direbobin da ke bin hanyar halin da iyaka ke ciki kafin ka biya kuɗin kujera.

Kashi na biyu kuɗin komowa gida ne da na rashin lafiya, kuma wannan don Allah kar ka taɓa shi ko da yunwa ta matsa. Ka ɗinke shi a wani aljihu na ciki, kar ya zauna tare da kuɗin abinci. Abin tausayi ne ƙwarai ka ga matashi da ya fita da mutuncinsa ya maƙale a tashar wata ƙasa yana ta kiran gida a tara masa na mota, iyaye can hankali a tashe, alhali da ya ware tun ranar farko da hakan bai faru ba. Zazzaɓin cizon sauro ma ba ya sallama, kwana uku a kwance da kuɗin gwaji da magani sun isa su cinye kuɗin mako guda.

Abin da ya rage shi ne na yau da kullum, a nan lissafin yake.

Mu ɗauki misali, alƙaluman na koyon lissafi ne, kai za ka sa farashin da ka tarar. A ce bayan canji kana da sefa 300,000, wato kuɗin su Benin da Togo da Nijar. Ka cire 60,000 na komowa, ka cire 30,000 na magani, saura 210,000. In kana kashe 7,000 kullum, kwana 30 kenan. In ka sauko 5,000, kwana 42. In ka samu masauki a hannun 'yan'uwa ka koma 3,500, kwana 60 cif. Ka ga kuɗin ba su ƙaru ba amma tafiyar ta ninka.

Makwanci shi ya fi cin kuɗi, otal kam ko mai araha ne in aka jera kwanaki sai ya kwashe komai. Mu Hausawa muna da sa'a a nan don kusan duk babban garin da ka je a wannan yanki akwai zango, a Accra akwai Nima, a Kumasi ga zango nan cike da masu jin Hausa, ka je masallaci ka gaida liman ka faɗi daga inda ka fito da abin da ya kawo ka, sau da yawa za a nuna maka ɗakin haya na wata wanda ya fi na kwana-kwana sauƙi nesa ba kusa ba. In kuma wani ya sauke ka a gidansa, ka sa kuɗin cefane cikin lissafinka, kar ka zame wa mai gida nauyi.

Abinci kuwa ka ci inda 'yan gari ke ci, koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, ka tambayi farashi kafin a zuba. Haka ɗan acaɓa a Kwatano, ku daidaita kafin ka hau. Ranar tafiya ta fi ranar zama tsada sosai, ga kuɗin mota ga na kaya ga abincin hanya, shi ya sa mai zama mako biyu a gari ɗaya ya fi mai tsalle-tsalle kullum daɗewa a waje.

Sai batun canji, nan ma mutane na asara ba su sani ba. Duk juyin da ka yi wa kuɗi sai ɗan canji ya ci ribarsa, naira zuwa sefa, sefa zuwa sidin Ghana, sidi ya dawo sefa, kowane da ɗan abin da ke zubewa. Ƙasashe 8 ne ke amfani da sefar Afirka ta Yamma, ciki har da Benin da Togo da Nijar da Senegal, kuma an ɗaure ta da Yuro, Yuro 1 kusan sefa 656, don haka ba ta hawa da sauka irin na naira. Sefar Kamaru da Chadi daban ce, kar ka yarda a haɗa maka da ita. A kasuwannin Nijar kuma da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce, in an ce dala ashirin sefa 100 ake nufi, jika ɗaya kuma 1,000.

Kowane dare kafin ka kwanta ka rubuta abin da ka kashe a ƙaramin littafi, har ruwan leda da data da sabulun wanki da sadaka. In yau ka wuce iyaka gobe ka rage.

Aikin gida: mutum yana da sefa 180,000, ya ware 45,000 na komowa da 15,000 na magani, yana so ya yi kwana 40. Nawa zai riƙa kashewa kullum? Ku rubuta amsa da alƙaluma da kuma da kalmomi, ku zo da ita aji ranar Asabar.