Yadda za ka raba karenka da ƙaiƙayi, kaska da ƙuma

A yawancin gidajen Zariya da ke da kare, daga Samaru har Tudun Wada, aikinsa gadi ne. Da rana yana ɗaure a bayan gida, da dare a sake shi, abinci kuma yaro ne ke kai masa. Shi ya sa maigida ba ya lura da susar sai gashi ya fara zubewa. Daga nan sai masu ba da shawara su taso: wannan ya ce a shafa baƙin mai, wancan ya ce kananzir, wani ma ya ce fiya-fiya. Kada ka yi ko ɗaya. Suna ƙona fata, karen ya lashe su ya sha guba, abin da ke sa shi susar kuma yana nan daram.

Mataki na farko shi ne dubawa, kuma a nan ya kamata ka ɓata lokaci. Ka fito da shi fili da safe, ka sa safar hannu, wani da karen ya saba da shi ya riƙe maka kansa. Ka bi gashin kana buɗawa: cikin kunne, wuya, hammata, mara, gindin wutsiya da tsakanin yatsu. Kaska za ka gan ta maƙale, wata ta sha jini ta kumbura kamar ƙwayar wake. Ƙuma kuwa tsalle take, da wuya ka kama ta da ido. Tsayar da karen a kan farin ƙyalle ka taje bayansa. Idan baƙin gari ya zubo, ɗiga masa ruwa. In ya koma ja, kashin ƙuma ne, jinin karenka ne a ciki.

Idan gefen kunne da gwiwar ƙafafun gaba sun yi ɓawo, gashi ya tsige, susar kuma ba ta barinsa barci, ka zargi ƙazuwa. Tana iya kama mutum, don haka a hana yara wasa da shi. Tabo mai zagaye kamar kwabo, babu gashi a ciki, yakan zama makero, shi ma yana yaɗuwa. Sai kuma abin da damina ke kawowa, musamman ga 'yan kwikwiyo: ƙurji mai kama da maruru da ɗan rami a tsakiya. Tsutsar wani ƙuda ce da ke zuba ƙwai a ƙasa mai inuwa inda aka yi fitsari. Toshe ramin da basilin, bayan ɗan lokaci ka matsa a hankali daga gefe, za ta fito.

Na biyu, cire kaska. Kama ta da hantsaki daf da fata, ka ja kai tsaye ba tare da fizga ba. Kada ka murtsuke ta da yatsa, kada ka jefar a ƙasa, domin mace ɗaya na iya zuba ƙwai dubbai. Jefa ta cikin kwalba mai ɗan kananzir. Amfaninsa ke nan a wannan aiki. Kafin ka sake shi, ɗaga leɓensa ka dubi dasashi. Idan ya yi fari, ko fitsarinsa ya yi duhu kamar shayi, ga kasala da ƙin cin abinci, kaskar ta riga ta sa masa cutar jini. Wannan ba na gida ba ne, a kai shi asibiti a ranar.

Na uku, wanka. Ruwa mai ɗumi da sabulun wankan karnuka, a bar kumfar minti 10, a ɗauraye sosai, a tsane shi da tsumma ya sha hantsi. Omo da sabulun wanki suna kwashe maiƙon fata. Da hunturu ma rage wankan ya kamata a yi, sau ɗaya a wata ya isa in ba likita ya ce a ƙara ba, don ƙura da bushewar iska kaɗai na sa fata ta yi fururu. Ɗan man kaɗanya a hanci da tafin ƙafa yana hana tsagewa.

Na huɗu shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa: wurin kwanansa. Ƙwan ƙuma zubewa yake a ƙasa da shimfiɗa, kaskar kare kuma a tsagar bango take fakewa, tana iya yin watanni ba ta ci komai ba. Ka wanke kare tas ka mayar da shi kan tsohon buhunsa, kwana biyu an koma gidan jiya. Ƙona buhun ko a wanke shi da ruwan zafi a shanya a rana, a share wurin kullum, a cike tsagogin bango da siminti, a sare ciyawar da ke kusa. In akwai awaki ko kyanwa a gidan, su ma a duba su.

Na biyar, magani, kuma wannan hurumin likitan dabbobi ne. Mu a Zariya ba mu da uzuri, tunda ga Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. A can za a kankaro fatar kaɗan a duba da madubin likita a gane ko ƙazuwa ce ko makero, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Za a auna nauyinsa kafin a ba da allura ko ƙwaya. Akwai ƙwayoyin taunawa irin su NexGard da ke aiki wata guda, da Bravecto mai kai mako 12. Suna da tsada, amma sun fi feshi sauƙi. Maganin feshin shanu da ake saye a kasuwa a dama da ka, shi ke kashe karnuka. Haka farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki na mutane, kada ka ba shi. Tunda ka je, a ba shi maganin tsutsar ciki, wanda babban kare ke buƙata duk wata 3, a kuma yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, da ake farawa yana wata 3 a maimaita duk shekara.

Idan an gama da duk wannan, babu kaska babu ƙuma, amma yana ta lasar ƙafa yana kaɗa kunne, to mai yiwuwa jikinsa ne bai karɓi wani abu ba, ko a abinci ko a iska. Gane na abinci sai da haƙuri. A tsayar masa da abu biyu kacal da bai saba ci ba, misali dafaffen dankalin Hausa da naman zomo ko kifi, har mako 8, ba ragowar tuwo, ba ƙashin da yara ke jefa masa a ɓoye. In susar ta lafa, a dawo da tsoffin abincin ɗaya bayan ɗaya, mako guda a tsakani, har a kama wanda ke tayar da ita. Ragowar miya mai albasa da tafarnuwa kuwa kada ta dawo cikin kwanonsa ko bayan gwajin, domin suna lalata jinin kare.