Darasi na Shida: Idan Gudun Sifindil Ya Saɓa wa Umarni

A injin sassaƙar ƙarfe mai aiki da kwamfuta, wanda ma'aikata ke kira CNC, sifindil shi ne sandan da ke riƙe bakin yanka yana juya shi. Harafin S ne ke faɗa masa gudun da zai yi. Idan ka rubuta S1200 M03, ka umarce shi ya yi juyi 1,200 a minti ɗaya ta inda hannun agogo ke bi. M04 na juya shi akasin haka, M05 kuma na tsayar da shi. Wannan umarni yana da doguwar hanya kafin ya isa bakin yanka, domin daga kwamfuta sai ya je inbata, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ake ba moto don ƙara ko rage gudunsa, inbata ta juya moto, moto ya ja bel ko giya, sannan sifindil ya motsa. Matsala tana iya zama a ko'ina cikin wannan hanya, shi ya sa bai kamata ka kwance komai ba sai ka auna.

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo. A jikin allon injin akwai maɓallin ƙari da ragi na gudun sifindil, mai lambobi na kashi cikin ɗari. Sau da yawa wanda ya yi aikin jiya ne ya mayar da shi kan 50 ya tashi bai gyara ba, yau kuma a wayi gari ana zargin moto. Ka tabbata yana kan 100. Idan injin mai giya biyu ne, ƙarama da babba, ka duba wadda yake ciki.

Bayan haka ka nemi takomita, wato ma'aunin juyi na hannu. Tsayar da sifindil, ka manna ɗan ƙyallen leda mai ƙyalli a jikin mariƙin bakin yanka, sannan ka kunna ba tare da yanka komai ba, ka haska daga nesa, hannun rigarka a naɗe. Kada ka dogara da lambar da allo ke nunawa, saboda a wasu injuna, musamman ƙanana, allon yana maimaita abin da ka rubuta ne kawai, ba abin da sifindil ke yi ba. Auna a gudu uku, misali S500, S1000 da S3000, ka rubuta sakamakon a takarda. Waɗannan lambobi uku su ne za su nuna maka inda za ka dosa.

A ce ka samu 417, da 833, da 2,500. Ka lura cewa kowanne ya gaza da kashi ɗaya cikin shida, ba ƙari ba ragi. Kuskure mai tafiya daidai haka ba lalacewa ba ne, saiti ne. Gudun moto yana bin lambar da ake rubutawa Hz, wato sau nawa wutar ke kai da komowa a daƙiƙa ɗaya: moto mai fol huɗu, wato kawunan maganaɗisu huɗu a cikinsa, yana yin kusan juyi 1,500 a kan 50 Hz, amma kusan 1,800 a kan 60 Hz. Wutar Najeriya da ta Nijar 50 ce, ta Amurka kuwa 60, don haka injin da aka sayo na hannu daga can yakan faɗa hannun mai gyaran da zai rage iyakar inbata zuwa 50, a zatonsa yana daidaita ta da wutar ƙasarmu. Wannan kuskure ne, domin inbata ita ce ke ƙirƙirar Hz ɗin da take ba moto, ba ruwanta da na layin da ke ciyar da ita. Irin wannan giɓi yana fitowa kuma idan an sauya fuli, wato faifan da bel ke hawa a kai, da wanda faɗinsa ya bambanta. Don raba gardama, auna siginar da kwamfuta ke aika wa inbata, wadda a injuna da yawa take tsakanin 0 da 10 V, wato bolt na wutar lantarki. Idan iyakar sifindil 6,000 ce, S3000 ya kamata ya ba ka 5 V. In ka samu 5, kwamfuta ta fita daga zargi. Ina roƙonka, kafin ka taɓa kowane saiti na inbata, ka kwafe tsofaffin lambobin cikin littafi, don na ga injin da ya kwashe makonni a ajiye saboda an sauya lambobi babu wanda ya tuna na asali.

Idan kuwa gudun daidai yake a iska, sai an shiga ƙarfe ya faɗi, to ka saurara da kyau. Bel mai santsi yana yin ƙara siririya, yana warin roba, kuma za ka ga baƙin gari a ƙarƙashin murfinsa. In bel lafiya yake, ka duba bakin yanka, domin wanda ya dakushe yana sa ma'aunin nauyin aikin da moto ke ɗauka ya haura fiye da yadda aka saba. Boris da ya mutu shi ma yana gurnani, kan sifindil ya yi zafin da hannu ba zai jure ba.

Gudun da ke hawa yana sauka da kansa yawanci daga inkoda ne, na'urar da ke ƙirga juyi tana sanar da kwamfuta. Mai ko ruwan sanyaya ya shiga mahaɗinta, ko ƙaramin bel ɗinta ya saki, ko an kwantar da wayarta kusa da manyan wayoyin moto suna dama mata sigina. A raba wayoyin, a kuma tabbata wayar ƙasa tana haɗe.

Saura inbatar da ke yanke aiki tana nuna lambar gargaɗi. Rubuta lambar kafin ka kashe injin. Gargaɗin ƙarancin wuta yakan zo ne lokacin da janareta ya ɗauki kaya fiye da ƙarfinsa, ko layi ɗaya cikin layukan wuta uku da ke ciyar da injin ya ɗauke. Idan tana yankewa daidai lokacin tsayawa daga babban gudu, a duba rezistan birki, wanda ke shanye rarar wutar da moto ke mayarwa lokacin da yake tsayawa. Gargaɗin zafi kuwa, ƙurar hunturu ce ke toshe matatar fankar akwatin lantarki, sai bazara ta zo ta ƙarasa aikin. Kafin ka buɗe akwatin, kashe babban makunni ka sa masa kwaɗo, ka jira minti goma, sannan ka auna da mita, domin inbata tana riƙe wutar da za ta iya kashe mutum bayan an kashe ta. In ba ka koyi aikin lantarki ba, wannan ɓangare na mai wayarin ne.

Aikin gwaji: wani inji iyakar gudunsa 8,000 ce a kan 10 V. An rubuta S2000, mita ta nuna 2.5 V, takomita kuma ta nuna 1,600 ba tare da ana yanka ba. Rubuta wurare biyu da za ka fara dubawa, ka kawo dalilinka a aji na gaba.