Allo Ya Ƙi Kawo Rubutu: Kurakuran Da Aka Fi Yi Wajen Haɗa Shi Da Maikirokontrola

Da zarar allo ya ƙi nuna komai, sai ka ga mutum ya faɗa wa kod ɗinsa, ya goge nan ya ƙara can, alhali galibi matsalar tana jikin wayoyin da suka haɗa allon da maikirokontrola, wato ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa shi. Ajiye kod tukuna, ka ɗauko mitar auna wuta.

Fara da GND, wato ƙafar negatif ta wuta. Dole na allon da na maikirokontrola su haɗu, ko da kowanne daga wuri daban yake shan wuta. Sannan ka karanta abin da aka rubuta a ƙafafun allon da idonka, don ƙananan allunan OLED ba jeri ɗaya suke zuwa da shi ba: wani GND ne a farko, wani VCC, wato ƙafar da wuta ke shiga. Wanda ya kwaikwayi hoton wani allo ya jona nasa a juye, yana iya ƙona shi nan take.

Idan allon na I2C ne, wato mai karɓar saƙo ta wayoyi biyu, SDA da SCL, to a maikirokontrolar Arduino Uno SDA tana ƙafa A4, SCL tana A5. A ESP32 kuwa 21 da 22 ne, in ba ka sauya ba. Amma inda mutane suka fi shan wahala shi ne adireshi, wato lambar da ake kiran allon da ita a cikin kod, kuma ina jin takaicin wannan, domin ba laifinsu ba ne kacokan. A bayan allon OLED mai cif SSD1306 za ka ga an buga 0x78, ka kwafa cikin kod, shiru. Laburaren Adafruit, shiryayyen kod ɗin da ke tafiyar da allon, na son adireshi mai bit 7, wato 0x3C. Wancan 0x78 ɗin shi ne dai 0x3C da aka matsar da bit ɗaya don a ba alamar karatu ko rubutu gurbi. Allon LCD mai layi biyu shi ma haka, wani 0x27 ne, wani 0x3F, gwargwadon cif ɗin da ke bayansa. Kada ka yi canki-canki. Ɗora ɗan shirin nan mai lalubo adireshin I2C, shi zai faɗa maka. In bai ga kowa ba, gajarta wayoyin, ka tabbatar akwai rezista mai jan SDA da SCL zuwa VCC, 4.7k kan wadatar.

Wani lokaci kuma saƙon yana isa lafiya lau. LCD ya kawo haske ba rubutu? Murɗa ɗan dunƙulen da ke bayansa, mai daidaita fitowar rubutu, da sukudireba. OLED mai inci 1.3 yana kawo ɗigo-ɗigo ko rubutu ya goce gefe? Mai yiwuwa cif ɗinsa SH1106 ne ba SSD1306 ba, mai ginshiƙi 132 a ma'adanarsa maimakon 128, sai ka sauya masa laburare. Ka kuma tuna hoton allo mai 128 sau 64 yana cin bayit 1024, rabin ma'adanar aiki (RAM) da Uno ke da ita ke nan, don haka shiri mai nauyi yana iya hana shi tashi. Kuma a laburaren Adafruit na OLED, sai ka kira display.display() kafin zane ya fito.

Allunan UART irin su Nextion, masu ƙafar aikawa (TX) da ta karɓa (RX), nasu daban ne: TX na wannan zuwa RX na wancan, ba TX da TX ba. Baƙaƙe marasa ma'ana alamar saurin aikawa bai zo ɗaya ba ne. Nextion da saurin 9600 yake fitowa, kuma kowane umarni sai an rufe shi da 0xFF sau uku. A Uno, ƙafa 0 da 1 su ne hanyar USB, saboda haka cire allon daga kansu kafin ka ɗora shiri.